Yadda Za Ka San Lokacin Canza Taimin Bel da Famfon Ruwan Mota

Abin da ya fi kayar da sababbin masu mota shi ne jiran bel ya nuna alama. Fambel, wato na waje mai juya injin cajin batir da na sanyaya mota, yakan yi ƙara ya faɗakar da kai. Taimin bel kuwa, wanda yake daidaita motsin bawul da na fistin a cikin inji, yana cikin murfi, ba ka ganinsa, kuma sau da yawa lafiya ƙalau yake aiki har ranar da zai tsinke.

Da farko ka tabbatar motarka bel gare ta ko sarƙa. Toyota Corolla mai injin 1ZZ da Camry mai 2AZ sarƙa suke da ita, ba a canza ta sai ta samu matsala. Amma tsohuwar Camry mai 5S da Honda Accord mai silinda shida bel ne.

Sai ka duba littafin motar. Yawancin kamfanoni suna sanya wa'adi tsakanin kilomita 100,000 zuwa 160,000, ko shekara 5 zuwa 7, duk wanda ya riga cika. Shekarun nan mutane suke mantawa da su, alhali roba tana tsufa ko motar a ajiye take. Idan ta hannu ka saya, ba takardar da ta nuna ranar da aka canza, to a wurina ba a taɓa canzawa ba. Ka canza kawai.

Dalilin tsanantawata shi ne, a injina da yawa, irin na Hondar nan, bel yana tsinkewa fistin zai doki bawul ya lanƙwasa su, sai an sauke kan inji.

Yanzu ga inda ake yawan faɗuwa. A motoci da dama taimin bel ɗin ne yake juya famfon ruwa, wato mai zagaya ruwan sanyaya inji. Mutum zai sayi sabon bel, ya ce famfo ai bai lalace ba, a bar shi. Bayan 'yan watanni boris ɗin famfon ya mutu, ko ya fara yoyo a kan sabon bel, dole a sake kwance duk abin da aka kwance, a sake biyan kuɗin aiki. Idan ya cije gaba ɗaya ma yana iya cinye haƙoran bel. Kuɗin aikin buɗewa ne mai yawa, famfon kansa bai kai haka ba. Saboda haka bel, famfo, tenshina (mai riƙe bel a ɗame) da fulin da bel yake bi, duk rana ɗaya ake canza su. Ana sayar da su a haɗe cikin kwali guda, kuma yakan fi sauƙi. Kada ka yarda bakanike ya juya tsohon fuli da hannu ya ce maka da sauran ƙarfinsa. Ka sa ya duba sil ɗin da ke bayan fulin kuma, wato robar da ke tare mai, domin baƙin mai idan yana ɗiga a kan bel kumbura shi yake yi.

Akwai alamun da ba a jiran wa'adi da su: busasshen tabon ruwa a ƙaramin ramin da ke jikin famfo, gurnani daga gaban inji, ruwan lagireto yana raguwa, ko allurar zafi tana hawa.

Bayan an ɗaura, a juya inji da hannu zagaye biyu, a ga alamomin taimin sun koma daidai kafin a tayar. A zuba ruwan sanyaya inji na gaske, zallan ruwa tsatsa yake kawo wa famfo, a fitar da iskar da ta shiga hanyar ruwan. Fambel tunda an riga an cire shi, sa sabo. Rubuta kwanan wata da kilomita ka manna a kan murfin taimin.