Yadda Za Ka Sa Kuɗin Inshorar Lafiyar Ma'aikata Cikin Lissafin Lanfo

Wannan na masu kamfani ne a Yamai da ke biyan lanfon riba.

1. Fara duba tsarin da kake ciki a DGI, wato babbar ma'aikatar lanfo ta ƙasa. In lanfon dunƙule kake biya, wato wanda ake yanka wa ƙananan 'yan kasuwa a dunƙule, tsaya nan, don ba a cire abin da ka kashe.

2. Kwangilar inshorar ta fito da sunan kamfani da lambar NIF (lambar shaidar mai biyan lanfo), haɗe da sunayen ma'aikatan da ta shafa. Nan mutane ke tuntuɓe. Alhaji ya yi wa kansa da iyalinsa inshora, ya zuba ta cikin lissafin shago, mai bincike kuwa ya ce hidimar gida ce, ya maida kuɗin cikin riba.

3. Biya ta banki ko cak, ka karɓi rasit.

4. Kwangilar da ta ratsa shekara biyu, a raba ta. In ta shekara guda ce kuma ta fara a Yuli, rabi ne na bana, sauran na baɗi.

5. Miƙa wa akanta komai tun watan Janairu. Takardun CNSS, wato asusun kula da jin daɗin ma'aikata na ƙasa, ka ware su, lissafinsu daban ne.