Yadda ake faɗaɗa ɓangaren C: da filin da ya rage a faifan kwamfuta

Wanda ya sauya faifan kwamfutarsa daga mai gigabait 256 zuwa mai terabait 1, ya kwafe tsohon gaba ɗaya zuwa sabon, yakan tarar cewa ɓangaren C:, inda Windows take zaune, bai ƙaru da komai ba. Dalili shi ne kwafin yana ɗauko ɓangarorin da girmansu na da, ya bar kusan gigabait 690 a matsayin fili wanda ba a ware wa kowane ɓangare ba. Windows ba ta iya ajiye komai a wannan fili har sai an haɗa shi da wani ɓangare ko an yanka sabo a cikinsa.

Kafin a taɓa komai, a kwafe muhimman fayiloli zuwa wani faifai na daban. Idan BitLocker, tsarin Windows na kulle bayanan faifai, yana aiki, a nemo lambar buɗewarsa mai alƙaluma 48, a rubuta ta a takarda, sannan a dakatar da shi. A tabbatar kuma batir ya cika ko akwai wuta mai ɗorewa, domin ɗaukewar wuta a tsakiyar matsar da ɓangare tana iya lalata duk abin da ke cikinsa.

Daga nan sai a danna maɓallin Windows tare da R, a rubuta diskmgmt.msc. Taga za ta buɗe da zanen faifan daga hagu zuwa dama, filin da babu kowa a kansa yana ɗauke da baƙin layi da kalmar "Unallocated". Wannan zane ya kamata a tsaya a duba da kyau, domin shi ne yake faɗin ko aikin na minti ɗaya ne ko kuwa yana buƙatar shiri. Ƙa'idar Windows ita ce ba ta faɗaɗa ɓangare sai zuwa filin da yake manne da shi ta dama, kuma sai ɓangaren yana kan tsarin ajiye fayiloli na NTFS, wanda C: yake kai, ko na ReFS. Idan filin yana jikin C: kai tsaye, a danna C: da maɓallin dama na linzami, a zaɓi "Extend Volume", a bar adadin da aka nuna idan ana son duka filin, a kammala. Ba a ma buƙatar sake kunna kwamfutar.

Sau da yawa kuwa za a ga "Extend Volume" ya dushe, ba ya dannuwa. Abin da yake jawo haka galibi wani ɗan ƙaramin ɓangare ne mai 'yan ɗaruruwan megabait da ake kira "Recovery", wanda sababbin Windows 10 da Windows 11 suke ajiyewa daidai bayan C:. Tamkar mai gida ne da yake son ƙara ɗaki a filin bayan gidansa, amma rumbu ya tsaya tsakanin katanga da filin. Mutane da yawa sukan share shi kawai, kuma a ganina wannan gaggawa ce marar amfani, domin a cikinsa ne kayan gyaran Windows suke, waɗanda ake komawa gare su ranar da kwamfuta ta ƙi tashi.

Hanyar da na fi yarda da ita ita ce a matsar da shi zuwa ƙarshen faifan. Windows ba ta da kayan yin haka, amma GParted, manhaja ce kyauta da ake ɗorawa a kan filas a tayar da kwamfuta da ita, tana yi. A cikinta a zaɓi ɓangaren "Recovery", a ja shi zuwa dama har ƙarshe ba tare da an sauya girmansa ba, a tabbatar da umarnin, a jira ya gama. Bayan an koma Windows filin zai kasance a jikin C:, sai a faɗaɗa kamar yadda aka bayyana a sama. Daga nan a buɗe tagar umarni (Command Prompt) da ikon mai gudanarwa, a rubuta reagentc /info domin a ga ko kayan gyaran suna aiki. Idan ba sa aiki, reagentc /disable sannan reagentc /enable sukan daidaita su.

Wanda ya zaɓi sharewa da sake ginawa, lallai ne ya fara da reagentc /disable, domin wannan umarni yana mayar da fayil ɗin gyaran cikin C: kafin a share mazauninsa da diskpart, umarnin Windows na sarrafa ɓangarorin faifai. Lokacin faɗaɗa C: sai ya rage kamar gigabait 1 a ƙarshe don sabon ɓangaren gyara. Kada a matse shi: a watan Janairun 2024 wani sabuntawar tsaro na Windows 10 ya ƙi shiga kwamfutoci masu yawa saboda yana neman megabait 250 na sarari a wannan ɓangare.

Akwai wani cikas da ba ya da alaƙa da jerin ɓangarori. Faifan da yake kan MBR, tsohon tsarin rarraba faifai, ba ya amfani da abin da ya wuce terabait 2, saboda haka a faifai mai terabait 4 rabin filin zai ƙi haɗuwa ko da yana manne da C:. Maganinsa shi ne mayar da faifan zuwa sabon tsarin GPT da umarnin mbr2gpt, amma sai an tabbatar kwamfutar tana iya tashi ta UEFI, sabon tsarin tayar da kwamfuta, kuma a sauya saitin tashinta zuwa UEFI nan take bayan juyawar, in ba haka ba Windows ba za ta buɗe ba.

Idan abin da ya shiga tsakani ɓangaren D: ne mai ɗauke da fayiloli, a kwashe su zuwa wani faifai, a share D:, a faɗaɗa C: gwargwadon buƙata, sannan a sake yanka D: a abin da ya saura a mayar da fayilolin. Wannan ya fi matsar da babban ɓangare aminci, kuma sau da yawa ya fi shi sauri.