Idan wata allura ta taɓa kwantar da kai: yadda zaka yanke hukunci kan ta sanƙarau da ta mura

Duk shekara da zarar hunturu ya kama, ko hukumar alhazai ta fara kiran maniyyata su zo allurar rigakafi, sai maganar nan ta dawo a gidaje da guruf-guruf na WhatsApp, wannan yace shi tun ta korona da ta kayar da shi ya rantse ba mai ƙara soka masa allura, waccan tace ai ƙanwar mijinta sai da hannunta ya kumbura. Kuma fa yawancinsu ba ƙarya suke ba. Nima ta korona ta farko ta ba ni kashi, da daddare sanyi ya rufe ni haƙora na haɗuwa, washegari kai kamar zai rabe, da aka kwana biyu na tashi garau na fita harkata. Ta sanƙarau kuwa hannu ne kawai ya yi min nauyi. Abu biyu ne mutane ke cakuɗawa, wahalar da allura ta baka daban, ko wahalar ta isa ta hana ka yin ta gaba kuma daban.

Fara da tuna abin da ya same ka ɗin tsaf, banda ƙari. Me ka ji, bayan awa nawa ya fara, kwana nawa ya yi. Idan ciwon hannu ne, wurin ya yi ja ya ɗan kumbura, zazzaɓi, ciwon kai, ciwon gaɓɓai, kasala, ko kaluluwa a hammata, kuma abin ya fara a ranar ko washegari ya lafa cikin kwana biyu zuwa uku, to wannan garkuwar jikinka ce ke aiki a kan abin da aka nuna mata, ba daɗi amma ba ya cikin abin da ke hana mutum allura ta gaba. Matasa ma sun fi tsofaffi jin jiki, shi yasa zaka ga Baba ya yi tasa ya wuce masallaci, ɗansa ɗan shekara 25 yana kwance cikin bargo. Wanda ya suma ana gama yi masa, galibi tsoron allura ne da yunwa da tsayuwar layi, maganinsa ya ci abinci a yi masa a zaune ko a kwance.

Wanda ake tsoro kamanninsa daban ne kuma ba ya jira sai dare. Cikin mintuna kaɗan borin jini ya feso a jiki, leɓe ko harshe ko fuska su kumbura, maƙogwaro ya shaƙe, numfashi ya dinga fita da ƙyar, jiri ya ɗebi mutum. Wannan yana faruwa ga kusan mutum ɗaya cikin miliyan, kuma akwai allurar adirenalin da ke tsayar da shi nan take in kana gaban ma'aikatan lafiya. In irin wannan ne ya taɓa samunka, kar ka shiga layin kamfen kawai ka miƙa hannu, je ka ga likita da katin da aka rubuta sunan waccan allurar, shi zai duba ko ta yanzu tana da sinadari ɗaya da ita, don jiki ya ƙi wata ba yana nufin ya ƙi duka ba. Haka wanda ƙafafunsa suka taɓa yin sanyi, rashin ƙarfi ya dinga hawa sama cikin sati shida bayan allurar mura, shima likita zai fara gani, duk da wannan ɗin ma mutum ɗaya ne ko biyu cikin miliyan.

Akwai tarkon da yake namu ne mu da sauro ya yi wa ƙawanya. Kayi allura ran Litinin, ran Alhamis zazzaɓi na nan yana ma ƙaruwa, sai kowa a gida yace ai allurar ce, a zauna ana jira ya wuce. Sau da yawa maleriya ce ta zo a kan gaɓa. Zazzaɓin da ya haura kwana biyu bayan allura, a je a yi gwajin maleriya, ɗan tsinken nan minti 15 zuwa 20 ne an ga sakamako. Da yawa daga labaran "allura ta kusa kashe shi" in ka bi diddigi ba wanda ya yi gwajin komai. Ta ciwon shawara, wato yellow fever, ce kaɗai zan ware, ita nata ɗan zazzaɓin da ciwon jiki kan iya jinkiri har kwana biyar zuwa goma, amma ko ita gwajin ba ya ɓaci.

To yanzu wace allura ake magana, don ba duka suke da nauyi ɗaya ba. A wajena ta sanƙarau ba abin dogon tunani bace ga wanda ke zaune a arewa ko Nijar. Muna tsakiyar yankin da cutar ta fi kamari a duniya, ƙasashe 26 daga Senegal har Habasha, kuma lokacinta sananne ne, daga Disamba da ƙurar hunturu ta busar da hanci da maƙogwaro, ta yi tsanani a zafin Maris da Afrilu, sai ruwan damina ya sauka take lafawa wajen Yuni. Manyanmu sun ga ta 1996, wadda a Najeriya kaɗai ta kashe sama da mutum 11,000. Ciwo ne da zai iya kashe mutum cikin awa 24, kuma cikin waɗanda suka tashi kusan ɗaya cikin biyar yana rayuwa da tabo, kurumta, farfaɗiya, ko matsalar ƙwaƙwalwa. Ka ɗora wannan a gefe, ka ɗora ciwon hannu na kwana biyu a ɗaya gefen, lissafin ba wuya.

Inda mutane ke ruɗewa shine "ai an taɓa yi min". Wacce aka yi maka? Ƙwayar sanƙarau nau'i-nau'i ce, kuma allurar MenAfriVac da aka fara a Nijar, Mali da Burkina Faso a 2010, ta iso Najeriya a 2011, nau'in A kaɗai take karewa, kuma ta yi aikinta don A ɗin ya kusa ɓacewa. Amma wadda ta ɓarke a Yamai a 2015, da wadda ta yi ɓarna a Zamfara, Sakkwato da Katsina a 2017, nau'in C ne, waccan allurar ba ruwanta da shi. Sai a 2024 Najeriya ta zama ƙasa ta farko da ta fara amfani da Men5CV mai kare nau'i biyar, A, C, W, Y da X, aka yi wa 'yan shekara 1 zuwa 29 a jihohin da cutar ta ɓulla irin su Jigawa da Yobe. Saboda haka in kamfen ya zo unguwarku ka tambayi nas ɗin wace iri ce, in mai biyar ɗin ce kuma yaranka ba su taɓa samu ba, a kai su. Masu yara a makarantar kwana, almajirai, 'yan hostel, duk inda ake kwana a cunkushe ɗaki ba iska, su ne a gaba. Masu sikila ma haka, saifarsu ba ta aiki yadda ya kamata, ƙwayoyin nan sun fi saurin kayar da su.

Ta mura kuma anan ne ake da wurin yin shawara da kai. Ba murar yau da gobe ake nufi ba ta atishawa da majina, infuluwenza ake nufi, mai zuwa farat ɗaya da zazzaɓi mai zafi da ciwon jiki, wadda kan gangara ƙirji ta zama nimoniya. Ƙwayar tana sauya kama, shi yasa Hukumar Lafiya ta Duniya ke zama a Fabrairu ta zaɓi nau'in da za a saka wa ƙasashen arewacin duniya, a Satumba kuma na kudanci, kuma shi yasa ta bara ba ta yi maka bana. Gaskiyar magana ba katanga bace, a shekarar da aka dace tana rage haɗarin kamuwa da kamar kashi 40 zuwa 60 cikin 100, babban amfaninta shine rage masu kaiwa ga gadon asibiti. Kuma wadda ake yi a hannu ba ta iya sa maka infuluwenza don ba ƙwaya mai rai a ciki, in ka yi mura bayan sati to ko dama ka kwaso ta, ko wata ƙwayar ce daban, don sai an yi kamar sati biyu kafin kariyar ta kankama.

A Najeriya ba ta cikin alluran da gwamnati ke yi kyauta a asibitin sha-ka-tafi, sai asibitin kuɗi ko manyan famasi. To saurayi ko budurwa mai lafiya da ba inda za shi, in yace kuɗin ya yi masa yawa bazan yi masa faɗa ba. Amma mai shekara 65 zuwa sama, mai juna biyu, mai asma, ciwon suga, ciwon zuciya ko ƙoda, mai sikila, mai ɗauke da HIV, da ma'aikacin asibiti, waɗannan in da hali su yi, ko da ta bara ta sa su kwana ɗaya a kwance. 'Yan uwa da ke Ingila ko Amurka ko Kanada ku kam lokacinku Satumba zuwa Oktoba ne kafin sanyi ya shigo, a Ingila ma hukumar lafiyarsu ta NHS kyauta take yi wa tsofaffi da masu ciki da masu irin cututtukan nan.

Maniyyata naku ba zaɓi a wasu. Saudiyya ta wajabta ta sanƙarau mai nau'i huɗu, ACWY, tun bayan da nau'in W ya ɓarke a Hajjin 2000 da 2001 alhazai suka koma da shi ƙasashensu. Dole a yi ta aƙalla kwana 10 kafin ka sauka, tana aiki shekara uku ko biyar ya danganta da irin wadda aka yi maka, to a rubuta irin a kati. Ta ciwon shawara kuma sau ɗaya ce a rayuwa, tun 2016 aka cire maganar sabuntawa duk shekara goma, in kana da tsohon yalo kad ɗinka ka adana shi. Ita wannan tana da ƙwaya mai rai da aka raunana, don haka mai ciki, wanda garkuwarsa ta yi ƙasa, mai shan maganin daji, wanda ƙwai ke tayar masa da borin jini mai tsanani, da wanda ya haura 60 kuma bai taɓa yi ba, su faɗa wa likitan kafin a zuƙo allurar. Akwai ɗigon shan inna shima. Ta mura hukumomin lafiyar Saudiyya suna ƙarfafa a yi, kuma duk wanda ya taɓa jin tarin da alhazai ke dawowa da shi ya san dalili. Sannan don Allah masu sayen kati a sa hatimi ba tare da an yi allurar ba, mutum sama da miliyan ɗaya da rabi zaku shiga cikinsu a Mina, katin ba ya hana ƙwaya shiga.

Ranar allurar kanta ka zaɓe ta da dabara. Kar ta zama jajibirin tafiya, jarrabawa ko biki, ka bar wa kanka kwana ɗaya ko biyu da in jiki ya yi nauyi zaka iya kwanciya. Ka ci abinci ka sha ruwa, ka bada hannun da ba shi kake aiki da shi ba. In kana cikin zazzaɓi mai zafi ranar a ɗaga sai ka warke, 'yar mura mara zazzaɓi ba ta hanawa. In saya zaka yi, ka ga an fito da ita daga firij, ka duba ranar lalacewa da idonka, da sabon sirinji da aka ɓare a gabanka, wutar ƙasar nan kowa ya san halinta kuma allurar da ta sha zafi ko ta daskare ta tashi aiki. Bayan an yi ka zauna a wurin minti 15, mai tarihin borin jini minti 30, wannan zaman shine duk kariyarka daga mummunan abin nan da na faɗa a sama, amma shi mutane suka fi tsallakewa saboda mai adaidaita na jira.

A gida ka dinga motsa hannun, ka ɗora tsumma mai sanyi, banda gasawa da ruwan zafi, banda murza man zafi a wurin. In zazzaɓi ko ciwon kai ya zo sai ka sha farasitamol, babba ƙwaya biyu 'yan 500 duk bayan awa shida, kar ya wuce ƙwaya takwas a yini, kuma ka duba maganin murar da kake haɗawa da shi don yawancinsu akwai farasitamol a ciki. Ba sai ka sha tun kafin allura ba. Yara gwargwadon nauyinsu ake ba su, a tambayi nas, kuma ba a ba yaro asfirin. Asibiti kai tsaye in numfashi ya yi wuya, ƙirji na ciwo, yaro ya yi jijjiga ko ya ƙi shan nono, ciwon kai mai tsanani ya ƙi tafiya, ko wurin allurar ya ci gaba da kumbura bayan kwana uku yana zafi yana tara ruwa. In wuya ya sanƙare ga zazzaɓi ga amai, ko maɗigar jariri ta kumburo, wannan kar ma a tsaya cewa allura ce, a tafi a daren.

Duk abin da ya same ka wanda ya wuce na yau da kullum, koma inda aka yi maka ka faɗa, suna da fom da suke cikewa a tura sama, ko ka shigar da kanka a manhajar Med Safety ta NAFDAC. Ka ɗauki hoton katin da waya, sunan allurar da lambar kwalbar da kwanan wata su fito sosai, ka rubuta a ƙasa abin da ka ji da kwana nawa ya yi, in lokacin wata allurar ya zo shi zaka nuna wa likita.