Hawan Babur a Ƙasar Waje: Kurakuran da Baƙi Suka Fi Yi

Wanda ya iya babur a gida yakan ɗauka ya iya shi ko'ina. Hannunsa ya iya, amma idonsa baƙo ne a titin.

Kuskuren da ya fi cin kuɗi na takarda ne. A ƙasashe da yawa lasisin mota ba ya halatta maka babur. Shi kansa lasisin ƙasa da ƙasa ba iri ɗaya ba ne: akwai na yarjejeniyar 1949, akwai na 1968. Japan na 1949 take karɓa, Biyetnam kuwa na 1968. Ga wanda ya zauna, lasisin gida yana da wa'adi. A Ingila wata 12 ne ga mafi yawan baƙi. Mai ba da hayar babur sau da yawa ba ya tambayar lasisi, kuɗinsa yake so. Ranar da ka faɗi ne kamfanin inshora zai tambaya, in babu, kuɗin asibiti yana wuyanka. Karanta takardar inshorar kafin ka karɓi makulli, domin wasu ba sa biyan komai in injin ya wuce 125cc.

Sai hannun tuƙi. A Tailan, Indonesiya, Indiya da Ingila hagu ake bi. Cikin cunkoso ba ka cika ɓata ba, motoci suna nuna maka hanya. Da asuba, titi fayau, ka fito daga gidan mai, nan ne jiki ke komawa abin da ya saba. Ɗaura ƙyalle a madubin hagu ya riƙa tuna maka, a shataletale kuma dubi dama tukuna.

Hular kwano da ba a ɗaure igiyarta ba ado ce kawai, kafin kai ya taɓa kwalta ta tashi. Ta haya galibi ta sha faɗuwa. Sayi taka, mai rufe haɓa, mai tambarin ECE ko DOT, wato shaidar ingancin hula. Silifas da gajeren wando kuwa, salansa ma ta isa ta hukunta ka.

Kada ka bar fasfonka jingina. Ba da kwafi da kuɗin ajiya, ka ɗauki hoton kowane karce a jikin babur ɗin a gaban mai shi.

Ruwan farko bayan dogon rani yakan taso da man da ya kwanta a kwalta. Tsaya ka fake. In tafiyar ta zama dole, rage gudu tun kafin kwana, kada ka damƙe birkin gaba a tsakiyarta.