Yadda Ake Zaɓen Filtar Na'urar Ɗumama Gida a Amurka da Kanada

Wanda ya tare a gida mai zaman kansa a Shikago ko Toronto ko Kalgari zai tarar da wani babban akwatin ƙarfe a ɗakin ƙarƙashin ƙasa, ko a wani lungu kusa da kicin, wanda ke hura iska mai ɗumi ta bututai zuwa kowane ɗaki idan hunturu ya kama. Mutanen can suna kiransa fanes. A gefen da iska ke komawa cikinsa akwai wata siririyar kafa da ake zura filta, wato matatar da ke tare ƙurar iska, kuma wannan filta ce sabon zuwa ya fi mantawa da ita, har sai daren da dusar ƙanƙara ta toshe ƙofa, na'ura ta dinga kamawa tana mutuwa. Mazauna dogayen benaye irin na yankin Bronx a birnin New York, inda ake ɗumama ɗakuna da tururi ko ruwan zafi, sun huta da wannan ɗawainiya.

Abu na farko shi ne girma. A kashe na'urar, a zaro tsohuwar filta, a duba lambobi uku da aka buga a gefen kwalinta, kamar 16x25x1 ko 20x25x1, wato faɗi da tsawo da kauri a ma'aunin inci. A ɗauki hotonsu da waya kafin a tafi kanti, domin filtar da ta yi wa kafar kaɗan tana barin ƙura ta bi ta gefe, wadda ta yi yawa kuwa ba ta shiga sai an lanƙwasa ta.

Inda ake ruɗewa shi ne wajen ƙarfin tacewa, wanda ake aunawa da ma'aunin MERV na ƙungiyar injiniyoyi ta ASHRAE, daga 1 zuwa 16. Mafi araha, mai zare-zare da ana iya hango hannu ta cikinta, ba ta wuce MERV 4, kuma aikinta kare injin ne kawai daga manyan tarkace. Mai MERV 8 tana kama ƙurar gida da garin furanni, mai 11 tana ƙarawa da ƙananan abubuwan da ke tayar da atishawa, mai 13 kuwa har ƙwayoyin hayaƙi tana tarewa. Kamfanin 3M yana da nasa ma'aunin, MPR, kantunan Home Depot kuma suna da FPR, amma galibi akan sami lambar MERV a jikin ledar idan aka duba da kyau.

Mutum yakan ɗauka cewa mafi tsada ita ce mafi alheri ga iyalinsa, alhali ba kullum ba ne. Gwargwadon matsewar saƙar filta, gwargwadon wahalar da fanka ke sha wajen jan iska, kuma idan iska ta yi ƙaranci sai cikin na'urar ya ɗau zafi fiye da kima, makunnin tsaro ya yanke wuta. A ganina, gidan haya mai tsohuwar na'ura da kafa ta inci 1, MERV 8 ta wadatar, ko 11 idan akwai mai asma. Hukumar kare muhalli ta Amurka tana ba da shawarar MERV 13 a lokacin hayaƙi, irin wanda gobarar dajin Kanada ta turniƙe New York da shi a watan Yunin 2023, amma da sharaɗin na'urar za ta iya ɗauka, abin da ya kamata a tambayi makanikin da ke duba ta. Filta mai kaurin inci 4 ta fi barin iska ta wuce saboda yawan ninkinta, sai dai ba kowace na'ura ce ke da gurbinta ba.

Akan rubuta a leda cewa filtar inci 1 tana kai wata uku, to amma ba a yi wannan lissafi da gidajenmu ba, inda uwargida ke saka turaren wuta safe da yamma, ga suyar ƙosai da manja, ga tagogi a rufe tun daga Nuwamba har Maris. A zaro ta kowane wata a ɗaga ta saitin fitila. Idan haske bai ratsa ba, ta gama aiki.

Wajen saka sabuwa, akwai kibiya a gefen kwalin, kuma dole ta fuskanci na'urar, wato inda iska ta nufa. A rubuta kwanan wata da biro a jikinta. Mai haya ya duba takardar yarjejeniya, domin wasu masu gida suna kawo filta da kansu, wasu kuwa sun ɗora nauyin a kan ɗan haya, har su caje shi kuɗin gyara idan sakacinsa ya lalata injin. Idan bazara ta shigo kada a daina dubawa, saboda a gidan da ke da na'urar sanyaya ɗaki ta tsakiya, iskar sanyin ma ta cikin wannan filtar take bi.