Wanki da goge mota ciki da waje a Kaduna: inda za ka koyi hannu da yadda za ka samu kwastoman farko

Kada ka fara koyon injin folish a kan motar mutane. Je kasuwar Panteka ka sayi tsohon bonet ko ƙofar mota, baƙa in da hali, domin baƙin fenti ba ya ɓoye kuskure. Fatar sheƙin da ke saman fenti ba ta kai kaurin takarda ba. Injin ya daɗe a wuri ɗaya, musamman a baki-baki da kan lanƙwasa, sai ya cinye ta, daga nan kuma sai mai fenti.

Raba bonet ɗin gida biyu da salatif na takarda, ka yi aiki a gefe ɗaya don ka ga bambanci. Ɗiga folish ɗigo 4 kamar ƙwayar wake a kan soson injin, shafa shi a fili mai faɗin ƙafa 2 kowane gefe kafin ka kunna, sannan ka tafi a hankali, a tsaye da a kwance. Goge, ka haska da tocila. Idan har yanzu ƙananan karce masu kama da saƙar gizo-gizo na nan, ka maimaita. Da gangan ka ƙona wani lungu, don ka san zafin da fenti ke yi kafin ya lalace.

Yawancin karce a wajen wanki ake yin sa. Ƙurar hunturu yashi ce, kada tsumma ya taɓa jikin mota sai ka kore ta da ruwa. Bokiti 2: ɗaya na sabulun mota, ɗaya na ɗauraye soso. Daga sama zuwa ƙasa, taya kuma da nata soson daban. Omo na cire kakin da ke kare fenti. A inuwa za ka yi, don ruwan burtsatse idan ya bushe a rana yakan bar tabo. Kushin da ka jiƙa bai bushe ba zai yi wari, musamman da damina, kuma wari ya fi karce saurin korar kwastoma.

Da hannu ya faɗa, koma kan motocin 'yan uwa, su biya kuɗin kaya kawai. Kyauta gaba ɗaya ba dabara ba ce, wanda ya saba da ita ba ya biya daga baya. Kowace mota ka ɗauki hoton rabi gyararre rabi yadda yake, ka rufe lamba, ka sa a WhatsApp.

Dillalan mota ne kwastoman farko mafi sauƙi, tunda sheƙi na ƙara wa motarsu daraja. Fara musu da fitilar gaba da ta yi rawaya: sanfefa mai lamba 1000, 2000, sannan 3000, duk da ruwa, sai folish, sai maganin kariya daga rana, in ba haka ba rawayar za ta dawo. Akwai kuma motocin rakiyar amarya da makon jajibirin sallah. A Malali, Barnawa da Unguwar Rimi, bin mutum gida ya fi jiran ya zo; tafi da jarkokin ruwa da ƙaramin janareta.

Kafin ka taɓa mota, zagaya ta tare da mai ita: "Alhaji, wannan karcen farce na kama shi, folish ba zai fitar da shi ba, sai fenti." Ɗauki hoto, ku yanke farashi, ya kwashe kuɗi da takardunsa.