Lauya a ƙaramin gari, in siyasa ta yi maka sallama

Ina shekara ta goma sha ɗaya da buɗe ofis a garinmu, ɗaki biyu ne kusa da tasha, sai ga dattawan mazaɓa bayan magariba wai in fito takarar majalisar jiha. Na fito, na sha ƙasa tun a zaɓen fidda gwani. Don haka ƙanena, abin da zan gaya maka na wanda ya faɗi ne, kuma wanda ya faɗi ya fi sanin inda santsi yake.

Kada ka manna fosta sai ofishinka ya iya ciyar da kansa ko ba ka nan. Lauyan ƙaramin gari ba ya ganin shari'ar banki ko ta kamfanin mai. Abincinsa rabon gado ne, da rikicin iyakar gona, da belin yaron da aka kama ranar kasuwa, da barnar da shanu suka yi wa dawa. A nan jama'a ke auna ka. Akwai wata tsohuwa da 'yan'uwan mijinta suka so cinye mata tumuninta a kotun shari'ar Musulunci. Zama huɗu muka yi kafin alƙali ya sa a auna gonar. Ba ta da kuɗi, sai bayan kaka ta aiko jikanta a kan keke da zabi biyu da kwano shida na gero. Na karɓa, don in na mayar ta ji kunya. Ranar da na fito takara, ita ta bi gida gida a ƙauyensu, ban ba ta ko kuɗin goro ba. Irin wannan jarin shekaru yake ɗauka, ba a sayensa da wata uku.

Ka kuma riƙa karɓar aikin kowa, ɗan jam'iyyarka da ɗan adawa. Ranar da aka fara cewa ofishin barista na jam'iyya kaza ne, rabin garin ya daina hawa matakalarka.

Ƙofar da ta fi sauƙi ga lauya ita ce kujerar mai ba jam'iyya shawara kan shari'a a ƙaramar hukuma. Ba ta da albashi, amma duk takarda ta hannunka za ta bi, za ka san wane ne ke yanka, wane ne ɗan amshin shata. Hanyar nan tsohuwa ce. Marigayi Alhaji Abdulganiyu Folorunsho Abdulrazaq, mutumin Ilori, wanda ya zama lauyan farko daga Jihar Arewa a 1955, a Zariya ya kafa ofishinsa, ya zama mai ba jam'iyyar NPC shawara kan shari'a, daga nan aka tura shi jakada Kwaddibuwa a 1962. Har sarautar Tafidan Zazzau ya riƙe, ya rasu a 2020. Aikin lauya ya fara kafawa, muƙamai suka biyo baya.

Sharuɗɗan takara ba su da wuya. Tun gyaran tsarin mulki na 2018, shekara 25 ta isa ga majalisar jiha, da karatu zuwa matakin sakandare, da jam'iyyar da za ta tsayar da kai. In ma'aikacin gwamnati ne kai, ka ajiye aiki aƙalla kwana 30 kafin zaɓe. Ka duba takardunka da idon lauyan abokin hamayya: suna ɗaya, ranar haihuwa ɗaya a ko'ina. Abin kunya ne lauya ya faɗi a kan bambancin suna tsakanin takardar firamare da ta jami'a.

Sai maganar kuɗi, inda na fi jin tsoro a kanka. Kuɗin magada ko na filin da aka sayar ta hannunka yana asusun ajiyar kuɗin mutanen da kake wakilta, amana ne. Daren da daliget, wato wakilan jam'iyya masu zaɓen ɗan takara, suka cika maka zaure, zuciya za ta ce ka ara, bayan zaɓe ka mayar. Kada ka taɓa ko sisi. Kwamitin ladabtar da lauyoyi yana soke sunan mutum a kan wannan, kuma kafin kwamiti ya zauna garin ya riga ya yanke maka hukunci. Ka ware abin da za ka iya asara, in ya ƙare ka tsaya.

Ni na sayar da fegi ɗaya. Da asubar ranar zaɓen daliget suka sha shayi da burodi a gidana, wani har ya dafa ƙirji ya ce, “Barista, ka je ka ɗinka babbar riga.” Da aka ƙirga da yamma, ƙuri'una ba su kai yawan kofunan da matata ta wanke ba.

In an yi maka maguɗi, lissafin kwana ne. Ƙarar da ta shafi fidda gwani kwana 14 ne daga ranar da abin ya faru, ta babban zaɓe kuwa kwana 21 daga sanar da sakamako, kotun zaɓe kuma tana da kwana 180 ta yanke hukunci. Ka koya wa kowane ejen ɗinka kada ya bar rumfa sai da kwafin takardar sakamako mai sa hannu, domin labarin baki ba ya cin shari'ar zaɓe. Kuma ka ɗauki wani lauya ya tsaya maka, mai fushi ba ya iya yi wa shaida tambaya.

Kafin ka shiga yawon kamfe, ka bar wa ƙaramin lauya mai amana makullin ofis da littafin ranakun zama, ka sanar da masu shari'arka da bakinka. Kuɗin lasisin aiki na shekara kuwa ka biya shi kafin 31 ga Maris, ko kana tsakiyar yawon ƙauyuka. Ni fidda gwaninmu ranar Asabar aka yi, Litinin ƙarfe tara ina kotun majistare da baƙar kwat, ina neman belin wani ɗan acaɓa, wanda ashe ƙanin daliget ɗin nan ne mai maganar babbar riga.